Goyon Cikin Rahina

Gidan Sori, 8 ga Yuni

Zuwa ga ƙanwata Rahina, malamar lakol, makarantar boko, a Agiye,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da abin da kike ɗauke da shi. Mu nan lafiya lau. An yi ruwan shuka ranar Talata, wanki Habu ya fita da iri tun asuba, gero duk ya shiga ƙasa, saura wake. Inna tana gaishe ki. Gwiwarta ce dai har yanzu, in ta zauna sai an kama ta take tashi, amma bakinta lafiyarsa ƙalau.

Kada ki ce don me ban kira ki ba. Waya ɗaya ce a gidan nan, ta Habu, kuma in ya miƙo miki ita sai ya tsaya a kanki, Inna ta matso da tabarmarta, matarsa ta ajiye taɓarya. Maganar mata ba ta yiwuwa haka. Tunda na koyi boko a asibitin da aka yi mini gyara, bari in ci moriyarsa. Magaji mai sayen wake ya ce duk mako yana bi ta Maraɗi ya wuce Agiye, zai riƙa kai miki takarda ya kawo mini amsa. Ki yi haƙuri da rubutuna, kada ki bi shi da jan alƙalami, ni ba ƴar ajinki ba ce.

In lissafina daidai ne, cikinki ya shiga wata na bakwai. To lokacin goyon ciki ya yi. Haihuwar fari a gidan iyaye ake yin ta, ke ma kin sani. Mijin naki jandarma yana can Difa, ba mai ja miki ko guga ɗaya na ruwa. Da an rufe lakol ki haɗa kayanki ki taho.

Inna ba za ta iya hidimar jego da wannan ƙafar ba, don haka ni ce mai wanka. Tun lokacin sanyi na fara tara itace. Ba ƙirare ba, itace na gaske mai riƙe wuta, kowace safiya ɗauri ɗaya daga can bayan fadama. Yanzu tarin ya fi ni tsawo, na rufe shi da tsohuwar zana saboda ruwa. Matan unguwa sai tsiya suke yi mini, wai ko gidan biredi zan buɗe. Su yi ta yi. Kwana arba'in ana wanka safe da yamma ba wasa ba ne. Na aro babbar tukunyar gidan Liman, na ajiye kanwar kunu, na yi wa mahauci magana tun yanzu a kan ƙafafun sa na ƙauri. Ɗakina kuma na yi masa sabon yaɓe, a nan za ki sauka. Sai na tafasa ki da ganyen dogon yaro har kin manta Faransanci.

Rahina, ban taɓa ɗokin wani abu kamar wannan ba. Ɗana Allah bai bar mini shi ba. Wannan da hannuna nake so in yi masa wankan farko, in Allah ya yarda. Ki rubuto mini ranar da za ki taso, Habu ya tarye ki da amalanke a bakin hanya.

Yayarki,
Asta

Agiye, 17 ga Yuni

Yaya Asta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni ina tsakiyar duba jarrabawar yara, kuma gaskiya rubutunki ya fi na rabin ajina kyau. Lafiyata lau, sai kumburin ƙafa da yamma, da ƙwannafi. Shi kuwa ɗan naki bai san hutu ba, da na zauna sai ya fara dambe. Ki gaishe mini da Inna, ki ce na ce ta daina zama a ƙasa, a samo mata kujera. Ki gaishe da Yaya Habu da iyalinsa.

Zancen itacen nan sau uku na karanta shi. Na rasa ta inda zan fara, har na yaga takarda biyu.

Yaya, ba zan zo goyon ciki ba. A Maraɗi zan haihu, kuma aiki za a yi mini a ciro yaron. Likita ya riga ya sa rana, goma ga Satumba, in komai ya tafi daidai. Maigida ya sani, ya kuma yarda. Wadda aka yi wa aiki ba a yi mata wankan ganye da tafasasshen ruwa, saboda ɗinkin. Don haka kada ki ƙara wahalar da kanki da zuwa daji, ki mayar wa gidan Liman tukunyarsu.

Zan yi miki bayani, amma ba yau ba. Magaji yana tsaye a ƙofa, mota tana jiransa. Ki san yadda za ki gaya wa Inna.

Ƙanwarki,
Rahina

Gidan Sori, 21 ga Yuni

Rahina,

Sallama. Lafiya muke, in za a kira wannan lafiya.

Me ya sami yaron? A gicciye yake? Ko ƙugunki ne ya yi kaɗan? Ko jininki ne ya hau? Wata huɗu na yi kwance a asibiti, na san ba a sa wa mace wuƙa sai da dalili. Kin jefo mini magana irin wannan, sannan kin ce Magaji yana jira. Magaji ya jira mana. Wake ne a motar, ba mai naƙuda ba.

Na gaya wa Inna tana shan fura. Ta ajiye ludayin, ta ce, "Mi as samu ɗiyag ga, har za a hiɗe ta kamar akuya?" Na ce ban sani ba. Ta ce ƙarya nake, wai mun haɗa baki muna ɓoye mata. Tun ranar ba ta cin abin kirki. Ta sa an soya ƙosai an raba sadaka ranar Juma'a, ta aika gidan Liman an yi miki rubutu, ga shi nan a kwalba Magaji zai ba ki. Ki sha, ko don ita.

Tukunyar ban mayar ba. Itace ma ban daina zuwa ba, don in na zauna zuciyata ba ta zama. Ina tafe ina ta lissafa cututtukan da na gani a jikin matan da muka kwanta tare, ina gwada miki su ɗaya bayan ɗaya.

Ki gaya mini gaskiya komai muninta. Ni ba yarinya ba ce, kuma babu abin da likita zai faɗa wanda kunnena bai taɓa ji ba.

Yayarki,
Asta

Agiye, 3 ga Yuli

Yaya Asta,

Sallama da gaisuwa. Ki yafe mini jinkiri, Magaji bai zo makon jiya ba, wai motarsu ta lalace a hanya. Na sha rubutun, ki yi wa Inna godiya. Ki ce mata don Allah ta ci abinci, babu abin da ya sami yaron. An yi hoton ciki, yana kwance daidai. Jinina daidai. Ƙuguna kuwa, sajfam, wato ungozomar asibitinmu, ta ce ko tagwaye ne za su wuce. Lafiyata lau, Yaya. Ni ce na roƙa a yi mini aikin.

Na san yadda wannan zai faɗo miki. Ita ma sajfam ɗin da na gaya mata, cire tabarau ta yi ta dube ni. Ta ce, "Madam, mata suna zuwa nan suna kuka kada a yi musu aiki, ke kin zo da ƙafarki kina nema? Mu nan ba mu yanka mai lafiya." Ta zaunar da ni ta yi mini nasiha mai kyau, kamar uwa. Na yi godiya, na fito na zauna a gindin bishiya.

Daga nan na tafi wani asibitin kuɗi a Maraɗi. A kan bencin jira na gane ba ni kaɗai ba ce. Wata Nazira, matar wani ɗan kasuwa, so take ta haihu kafin mijinta ya yi tafiya, a yi suna yana nan. Wata ta ce a haihuwarta ta fari ta yage, aka ɗinke ta, ta yi wata biyu tana zama da gefe ɗaya, ta rantse ba za ta sake ba. Wata kuma ta raɗa mana cewa ita dai ba ta son jikinta ya buɗe maigida ya canja mata fuska. Muka yi ta dariya. Da suka juyo kaina na ce zafi nake tsoro, suka ce ai ba laifi ba ne. Ƙarya na yi musu.

Likitan bai yarda nan take ba. Ya lissafa mini komai: ciwon ɗinki, zubar jini da kan iya faruwa, ciki na gaba sai an jira shekara biyu ko fiye, kuma mai yiwuwa shi ma sai da wuƙa, ba zan tara ƴaƴa kamar Inna ba. Ya ce haihuwar asibiti ba irin ta gida ba ce, ana duba mace a kai a kai, in abu ya tsaya nan take za a shiga da ita. Na ce na sani. A kaina na san duk wannan, jikina ne ya ƙi sani. Ya ce in je in yi tunani mako biyu. Na je, na dawo masa da maganata yadda take. Sai ya jawo kalanda.

Tun da cikin nan ya fara motsi ban samu natsuwa ba. Ina cikin rubutu a allo sai alli ya tsaya a hannuna, yara su yi ta kallon bayana. Ranar da aka rubuta mini goma ga Satumba a takarda, ranar ce na fara cin abinci ya zauna.

Yaya, ba zan iya durƙusawa a gidan nan ba, balle a ɗakinki. Ba na son abin da ya same ki ya same ni. Iyakar abin da zan iya rubutawa ke nan yau.

Ƙanwarki,
Rahina

Agiye, 26 ga Yuli

Yaya,

Ina gaisuwa. Ina fatan lafiya ce ta kawo shirun nan.

Mako uku ke nan. Magaji ya rantse a hannunki ya sa takardar. Ya ce kin karɓa kin shige ɗaki, da ya dawo neman amsa aka ce kina gona, ya sake dawowa aka ce kina rijiya. Na kira wayar Yaya Habu sau biyu. Ya ce lafiyarki lau, noma ne ya yi yawa. Ya ba ni Inna, ta ce, "Allah shi raba lahiya," ta mayar masa da wayar.

An rufe lakol, gidan ya yi mini girma. Na wanke kayan jariri, sun bushe, na sake wankewa. In na ji mota ta tsaya a bakin titi sai in leƙa, alhali na san ba ranar zuwan Magaji ba ce.

Ga abin da nake roƙo. Maigida ba za a ba shi hutu ba sai bayan haihuwa, ba ni da kowa a nan sai maƙwabciya. Ki zo Agiye, mu tafi Maraɗi tare, ki karɓi yaron daga hannun likita. Wankana aka hana, nasa ai ba a hana ba.

In fushi kike yi, ki rubuto mini fushin. Ya fi mini wannan.

Rahina

Gidan Sori, 4 ga Agusta

Malama Rahina,

Muna lafiya. Gero ya kai ƙirji, an gama maimai. Inna ta koma cin abinci.

Kin ce in rubuto fushin, to ga shi.

"Balle a ɗakinki." Na karanta wurin nan har takardar ta yi laushi. Shekara goma sha biyu ina ganin irin wannan, ban taɓa zaton zan gan shi da rubutun hannunki ba. Masu ciki a garin nan in sun hango ni a rijiya sai su tuna sun yi mantuwa a gida. Sakina ta unguwarmu da take da ciki, uwarta ta hana ta zama a tabarmar da na tashi, wai kada ta kwashi abin. In an yi haihuwa nakan je barka, a tarbe ni da fara'a, a ba ni kunu, amma jariri yana can ƙuryar gado, ba a taɓa miƙo mini shi ba. Na saba. Su na ce rashin sani ne. Ke fa, da kika yi karatu har kina karantar da ƴaƴan mutane? Yoyon fitsari ba a ɗaukarsa a tabarma, Malama, kuma ba ya maƙalewa a bango. Ɗakin nan na share shi, na yaɓe shi, na turara shi. Da kin fito fili kin ce wari yake yi miki, da ya fi mini sauƙi.

Labari kuma ya fita, kin san bakin matar Habu. A rijiya ana cewa ƴar gidanmu raguwa ce, ba za ta haihu ba, ciro mata za a yi. Inna da ta haifi tara ba wanda ya taɓa jin ko tarinta, yanzu ta daina leƙa ƙofar gida. Ni na tare miki, na ce likita ne ya ga matsala. Na yi ƙarya saboda ke, kuma ina jin haushin kaina da na yi.

Ni sau biyu aka sa mini wuƙa, ba da sona ba. Na san sanyin teburin nan, na san yadda ake tashi ana neman wanda zai juya ki. Ke Allah ya ba ki lafiyayyen jiki, kin ɗauka da kanki kin kai musu. Wannan ban gane shi ba, ba kuma zan ce na gane ba.

Zuwa Agiye kuwa, ba zan zo ba. Kada ki tambaye ni dalili. Tukunya ta koma gidan Liman. Itacen na bar wa matar Habu, tana ta tuwo da shi.

Allah ya sauke ki lafiya.

Asta

Agiye, 9 ga Agusta

Yayata Asta,

Da hantsi na karɓi takardarki, ga shi ina amsawa kafin azahar. Na ce wa Magaji ko zai kwana a garin nan sai ya tafi da wannan. Ina fatan kuna lafiya.

Wallahi ba ƙyamarki nake yi ba. Ni da na yi shekara biyu ina kwana a bayanki, ina wanke miki zannuwa kafin in tafi lakol? Laifina ne, rabin magana na rubuta. Ga sauran. Ban taɓa gaya wa kowa ba, har maigida.

Ba wari nake ji a ɗakin nan ba. Kaina nake gani a ciki, ina ƴar shekara goma sha biyu, tsaye da kwanon ruwa. Ranar Lahadi da hantsi na shigo na same ki a durƙushe, kin kama ƙafar gado, kin cusa gefen zane a baki. Kika cire kika ce mini, "Kul kika hwaɗa ma kowa. Haihuwar hwari ta, abin kunya na." Na ce to. Na fita na yi shara, na kai wa Baba fura gona. Ranar Litinin na shigo, idanunki sun faɗa, leɓenki ya tsage. Kika girgiza mini kai, na sake cewa to. Inna ta tare ni a tsakar gida ta ce, "Ina yarinyar nan?" Na ce barci kike yi. Da bakina na faɗa. Sai ranar Talata da la'asar, da na kira ki kika daina amsawa, na fita da gudu ina ihu. Aka ɗora ki a amalanke, ga gulbi ya kawo, ba a isa asibiti ba sai washegari. Yaron namiji ne. Baba ne ya dawo da shi a naɗe cikin zane. Daga nan sai yoyo, daga nan sai takardar saki.

Kwana biyu da yini, Yaya. Da na buɗe baki ranar Lahadi, da yanzu yana aji shida. Duk shekara in aka shigo da yara sai idona ya tafi kan masu shekarunsa. Ni na kashe miki ɗa, da cewa to.

Shi ya sa nake son aikin. Ba zafi nake tsoro ba. Tsorona naƙuda ta zo, ni ma in yi shiru. Na san gidan da na fito, na kuma san kaina: har yau in ciwo ya kama ni, aka tambaye ni, ba komai nake cewa. Ko a asibiti ne, sajfam za ta leƙo ta ce, "Madam, lafiya?" in ce lafiya lau, ta wuce gado na gaba. Ina son rana da awa a rubuce a takarda, waɗanda ba sa jiran sai na yi magana.

In ba za ki zo ba, ba zan ga laifinki ba. Amma kada ki zauna da tunanin gudunki nake yi. Kunyarki nake ji, tun ina yarinya.

Ƙanwarki,
Rahina

Gidan Sori, 28 ga Agusta

Ƙanwata Rahina,

Assalamu alaikum. Lafiya muke. Ruwa ya yi yawa, hanya ta yanke, takardarki ta yi fiye da mako biyu a aljihun Magaji kafin ta iso. Na san kin cinye farcenki da jira. Gero ya yi bununi, bana in Allah ya kare sai godiya.

A bayan rumbu na karanta. Na yi kuka, da na gama kuma na ji haushinki. Shekara goma sha biyu kina ɗauke da wannan, kina zuwa hutu muna cin tuwo a kwano ɗaya, ba ki faɗa ba?

To ki saurara. Babu abin da kika ɓoye, don babu abin da yake a ɓoye. Gidan da mai cikin wata tara ta kwana biyu ba ta fito daka ba, ba ta fito alwala ba, kina tsammani sai ƴar shekara goma sha biyu ta ba da labari? Inna ta sani tun safiyar Lahadi. Ina jin takunta, ta zo bakin ƙofa ta tsaya, ta koma. Ruwan da kike kawo mini jiƙon saiwa ne, ita take haɗawa ta ajiye inda za ki ɗauka. Ni ce ƴar farinta, ko sunana ba ta faɗa, ta yaya za ta shigo ta same ni a durƙushe? Ungozoma ma an gaya mata. Tana gidanta da rezarta tana jira a ce an haihu ta zo yankan cibi, don iyakar aikinta ke nan. Kowa yana jira in yi magana, ni kuma ina jira a tambaye ni. Haka muka yi ta jiran juna har yaron ya gaji.

A duk gidan nan mutum ɗaya ne ya yi ihu, ke ce. Ba don ihun nan ba da tare za a binne mu.

Jiya na karanta wa Inna takardarki, ban tsallake ko layi ɗaya ba. Ta yi ta jan carbi. Can ta ce, "Ni ce babba cikin gidan ga. Ni ya kamata in ɗaga asabari in shiga." Sai ta goge ido ta ce, "Ki ce mata ta haihu yadda taka iyawa."

Wuƙar dai har yanzu ba na son ta, ba zan yi miki ƙarya ba. In da ta ni ce, ki bari Allah ya kawo shi ta hanyarsa, likita yana kusa. Amma yanzu na gane, kuma jikinki ne. Ki yafe mini abin da na rubuta, ban da zancen itace, wannan wahalar banza da kika ba ni sai na rama.

Saura nawa sirrin. Na ce kada ki tambaye ni dalilin ƙin zuwa, ga ni ina yin abin da nake yi miki faɗa a kai. Gyaran da aka yi mini bai kama duka ba. Na bar ku kuna cewa na warke don hankalin Inna ya kwanta. In na yi tari, ko na ɗaga tulu, sai ya zubo. A gida na san dabarata, ga tsummana ga sabuluna, ba mai ganewa. Amma tun da na dawo daga asibiti ban sake shiga motar haya ba. Mutum huɗu a kujera, cinya da cinya, hanya duk ramuka, daga nan har Maraɗi, a sauka a sake wata zuwa Agiye. Abin da nake gani a raina shi ne wata ta toshe hanci da mayafi, wani ya ce direba tsaya.

Zan zo. Laraba mai zuwa, uku ga wata, da motar safe. Magaji zai kama mini wuri a bakin taga. Ba zan sha ruwa ba tun asuba, don haka ki cika mini randa. Kada ki zo tasha tarya ta. Ki ajiye mini ruwan wanka a bayi, ki bari sai na kintsa sannan mu gaisa.

Daga ranar zuwa ranar likita mako guda ne, naƙuda kuwa ba ta iya karatu ba, balle ta duba takardarsa. In ta riga shi, na san ba za ki faɗa ba, ƴar gidanmu ce ke. To ba sai kin faɗa ba. Ni zan tambaya, da safe, da rana, da yamma. In kin ce ba komai, in sa hannu a cikin in ji da kaina. Za ki gaji da ni.

Kafin in iso, ki cire labulen ƙofar ɗakinki ki ajiye. Ni ba zan tsaya a bakin ƙofa in koma ba.

Yayarki,
Asta